Mazubin da Baffa Ya Bari

Ranar da aka kai Baffa makwancinsa, wanda ya fi kowa kuka ba ɗan gidanmu ba ne. Mai buga bulo ne, wanda rumfarsa take jikin shagon Baffa a bakin kasuwa. Ƙaton mutum ne da yake saɓa buhun siminti kamar matashin kai, amma ranar na tarar da shi zube a ƙofar gida, hannuwansa fari fat da siminti, yana kuka wiwi. Maza suna ta ba shi baki: "Haba malam, addu'a za ka yi masa." Ya ce ya sani, bakin ne ya ƙi.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baffa yayan mahaifina ne. Ya rasu da hantsi, damina ta yi nisa, yana zaune a kan tabarmarsa bayan ya karya kumallo, shayinsa ko hucewa bai yi ba. Ina Kano a wurin aiki aka kira ni, ban iso Haɗejiya ba sai da ake dawowa daga maƙabarta.

A cikin gida kuwa mata sun cika har bakin rijiya, rabinsu ban taɓa ganinsu ba. Wata ungozoma ta durƙusa gaban Inna, matar Baffa, ta ce shi ya yi wa asibitinsu shafin da suke rubuta masu awon ciki. Wata shugabar makaranta ta ce nasu ma shi ya yi. Wata mai sayar da busasshen kifi ta ce ita ba ta san wani shafi ba, abin da ta sani kullum ya wuce sai ya tsaya ya tambaye ta ya ciwon ƙafarta. Goggo, yayarsu Baffa, wadda ban taɓa jin ta yabi ɗan Adam ba, ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Ni dai na san ƙanena da taurin kai da shan shayi babu sukari. Wai duk wannan jama'ar tasa ce?" Sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ran sadakar uku Abba, mahaifina, ya aiko a kira ni zaure. Na tarar da wasu dattawa huɗu, ƙafafuwansu duk taɓo, sun taso daga ƙauyukan bakin kogi ta wajen Baturiya. Bayan an yi addu'a an shafa, babbansu, wani tsohon masunci mai furfura har gira, ya yi gyaran murya.

"Mun san ba ranar wannan magana ba ce," in ji shi. "Amma ruwa bai san zaman makoki ba. Marigayi ya yi mana alkawari bana zai yi mana abin nan na waya. Na sama in sun ga ruwa ya ƙaru su danna, mu na ƙasa mu ji tun da sauran lokaci, mu kwashe yara da dabbobi. Wancan karon da muka ji labari, ruwa yana tsakar gida. Yanzu ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwan, in ya zo kanmu zai hau. Ni a ganina bai fi mako guda ya rage ba."

Abba ya ce, "Ga 'yarsa nan, ita ma aikinta ke nan."

Duk suka juyo suka dube ni. Tsohon ya ce, "'Yata, za ki iya?"

Da za a bi ta hanyar da na saba a wurin aikinmu, wannan aikin wata biyu ne, da mutum uku. Hanya ɗaya ce za a gama shi a mako, ita ce a yi shi da Mazubin Baffa. Ni kuwa shekara uku ke nan na rantse ba zan ƙara taɓa Mazubin nan ba, kuma mai shi da zan tambaya yana ƙarƙashin ƙasa. Amma bakina da ba ya shawara da ni ya riga ya ce, "In sha Allahu, Baba."

Kafin in faɗi abin da ya biyo baya, bari in faɗi ko wane ne Baffa, don kada a ce wani mai gyaran kwamfuta ne ya mutu a Haɗejiya shi ke nan.

Kakanmu makiyayi ne da ya gaji da yawo ya zauna a gari. Cikin 'ya'yansa Baffa ne aka sa boko, ya fito ya zama malamin awon ruwa. Aikinsa kullum da safe ya hau keke ya je bakin kogi ya duba ma'aunin da aka kafa, ya rubuta inda ruwa ya kai, ya dawo ofis ya buga a tafireta. Shekara da shekaru yana wannan, har ya zama in ya dubi launin ruwa da irin ciyawar da yake ɗaukowa sai ya gaya maka abin da ake ciki a can sama. Yakan ce, "Kogi ba ya yaudara, yana faɗa. Mu ne ba ma isar da saƙo." Abin da ya fi ci masa rai ke nan a duk rayuwarsa: ya rubuta lamba daidai, takarda ta kwana a kan tebur, ruwa ya riga ta isa ƙauye.

Ya haura hamsin kafin ya taɓa kwamfuta. Da ya yi ritaya ya buɗe ɗan shago yana buga wa mutane takardu. 'Yan'uwa suka ɗauka nan abin zai tsaya. Ina! Sai ga shi da wasu littattafai masu kaurin bulo, yana koyon rubuta manhaja da yatsu biyu, tabarau a kan karan hanci. Goggo ta ce masa, "Sa'anninka suna jan carbi, kai kana danne-danne." Ya ce, "Yaya, hannu biyu Allah ya ba ni." Kuma da gaske carbin yana rataye a jikin kwamfutar, in tana lodi ya ja.

A hankali ya iya gina shafin intanet irin wanda ake aiki a cikinsa, ba na kallo kawai ba: a shiga, a rubuta, a ajiye, gobe a dawo a tarar. Ya yi wa wata makaranta, ya yi wa ƙungiyar manoman shinkafa, ya yi wa wani kantin magani. A na huɗu ne ya tsaya. Ya lura duk aikin da aka kawo masa, makonnin farko abu ɗaya yake maimaitawa: ƙofar shiga da kalmar sirri, ma'ajiyar sunaye, hanyar adana kwafi kada abu ya ɓace, da dabarar da shafi zai ci gaba da aiki in sabis ya ɗauke. Kuma kowane karo sai ya manta wani abu da ya riga ya gyara a na baya.

Mai buga bulon nan ne ya ba ni labarin abin da ya faru, a zaman makoki, yana share hawaye da gefen riga. Ya ce wata rana Baffa ya fito daga shago ya tsaya a kansa ya fi sa'a guda, yana kallonsa yana zuba kwaɓi a mazubi, ya buga, ya kife, ya ɗaga. Har shi mai bulon ya tsargu. Can sai Baffa ya ce, "Malam, bulo nawa ka taɓa aunawa da ma'auni?" Ya ce, "Ko ɗaya, Alhaji. Mazubin aka auna." Baffa ya ce, "To kai ne malamina," ya koma ciki. Tun daga ranar bai ƙara kiransa da wani suna ba sai Malamina, a gaban kowa, har mutanen kasuwa suka ɗauka. "Ni da ban yi aji ɗaya ba," in ji shi, sai kukan ya dawo.

Wata shida Baffa bai karɓi aikin kowa ba. Ya tattara duk abin da yake maimaitawa ya rubuta shi sau ɗaya, ya gyara, ya sake gyarawa, ya bar gurabe inda za a sa suna da launi da ainihin aikin da mai shafi yake so. Ya sa masa suna Mazubi. Daga nan in aka kawo aiki sai ya kwafi Mazubi, ya cike guraben, abin da yake cin wata biyu ya koma kwana huɗu. A ciki ya ajiye wata doguwar takardar bayani da Hausa, mataki bayan mataki, ya rubuta a samanta: Ga mai zuwa bayana. In aka ce masa wannan wahalar ta yi yawa, amsarsa ɗaya ce: "Ba a fafe gora ranar tafiya."

Yana da wasu halaye da in ba ka san shi ba sai ka ce ko da wani abu. Ba ya gwada shafi a babbar waya. Yana da wata tsohuwa mai fasasshen gilashi, ita zai ɗauka ya tafi har kan jingar da take tare kogi, inda sabis yake sanda ɗaya, ya tsaya cikin rana yana dannawa. In bai buɗe a can ba, to bai buɗe ba. Ya taɓa jiƙa yatsunsa a kogi ya danna, ya ga madannan sun yi ƙanana, ya dawo ya ƙara musu girma a cikin Mazubi, domin masunci ba zai tsaya neman tawul ba.

Kyautarsa kuwa har haushi take ba mu. Wata malamar kwamfuta a makarantar 'yan mata ta fara karɓar irin aikinsa, har ta ɗauke masa mutum biyu. Da ya ji, sai ya kwafi Mazubi a 'yar filas ta kwamfuta ya kai mata har makaranta, ya zauna ya nuna mata. Goggo ta yi tsalle ta dire. "Ka ɗauki abincinka ka kai wa mai ƙwace maka?" Ya ce, "Yaya, in na mutu da shi a aljihu, wa ya ci riba?" Ta ce, "Allah ya shirye ka." Ya ce amin, da gaskensa.

Ni sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka Baffa bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake cewa. Shi ya fara ɗora yatsana a kan kwamfuta, shi ya tsaya sai da Abba ya bar ni na karanta fannin a jami'a. Duk gidan nan an san ni da baki da saurin hawa, shi kaɗai ne in na fara yake dariya ya ce, "Mai sunan ma haka take." To da wannan mutumin na yi faɗa, kuma har gobe in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Da wata ƙaramar salla ne, na zo gida ina ji da kaina, na samu aiki a wani kamfani a Kano inda muke haɗa manhajoji masu tura saƙon tes. Bayan an ci abinci ya kira ni ɗakinsa, ya ajiye mini kwamfuta a kan tabarma. "Uwata, tayar mini da sabon shafi daga Mazubi. Bayani yana ciki. Ki ɗauka ba na nan." Ya ɓare goro ya jefa a baki, ya ɗauko wata takarda da fensir, ya jingina da bango.

Na fara. A mataki na biyu na ce, "Baffa, wannan fayil ɗin a ina zan ajiye shi?" Bai amsa ba. Ya ja layi ɗaya a takardarsa. Na yi ta lalube har na gano. Can na ce, "Kalmar sirrin farko fa, wa yake sa ta?" Shiru. Ya ƙara jan layi. Tambaya ta uku, layi. Ta huɗu, layi. Yana jan layi na biyar na ture kwamfutar.

"Baffa, ni za ka yi wa jarrabawa? Kana zaune kana lissafa mini kuskure kamar 'yar firamare? Wallahi wannan Mazubin naka kayan tarihi ne. A wurin aikinmu ko ɗan koyo ba zai kalle shi ba. Ga muni, ga surutu, madannai kamar faifai!"

Ya dube ni ta saman tabarau. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Uwata. Saura mataki shida."

Na ce, "Ka ba wa malamar taka ta ƙarasa," na fice. Washegari na koma Kano. Bayan nan ba mu yi gaba ba, ina kiransa mu gaisa, in na zo in durƙusa in gaishe shi, ya tambaye ni aiki in ce lafiya. Amma maganar Mazubi ba ta ƙara shiga tsakaninmu ba, ni girman kai ya hana ni, shi kuma ba mai tilasta wa mutum ba ne. Kullum ina cewa salla mai zuwa zan ba shi haƙuri. Salla shida suka wuce.

Kwana huɗu da rasuwarsa, da safe, na sa aka ɗauko kwamfutarsa daga shago na shiga ɗakin nan nasa. Komai yana inda ya bar shi: tabarmar, buta, babbar rigarsa rataye a ƙusa. Inna da take takaba ta shigo ta zauna a gefe da carbinta, ta ce ba za ta dame ni ba, ɗakin ne ba ta iya bari. Na yi bismilla na buɗe takardar bayanin.

Mataki na ɗaya na wuce. A na biyu, daidai inda na fara maƙalewa shekara uku da suka wuce, sai na ga an ƙara wasu layuka: Nan Uwata ta tambaya ina za a ajiye fayil ɗin. Laifina ne, ban faɗa ba. Ga wurin. Na gangara ƙasa. Nan Uwata ta tambaya wa yake sa kalmar sirrin farko. Tana da gaskiya. Yanzu Mazubi da kansa zai tambaye ka. Duk biyar ɗin suna nan, kowace a gurbinta, da amsarta. Ba nawa kaɗai ba: nan malama ta tambaya, nan mai kantin magani ya tambaya, nan wani baƙo daga Birniwa ya tambaya. Madannan da na ce kamar faifai ma ya rubuta: Uwata ta ce sun yi muni. Na gyara launin, girman dai yana nan saboda masunta.

Na ce, "Inna, layukan nan da yake ja a takarda in ana gwaji, na mene ne?"

Ta tashi ta buɗe akwatinsa ta ɗauko wani ƙunshin takardu ɗaure da zare, duk layuka ne, kowace da sunan wanda ya yi gwajin. Ta ce, "Ai nasa ne. Cewa yake duk tambayar da aka yi masa bashin bayani ne a kansa, don ran da za a buƙaci abin nan shi ba ya nan. Shi ya sa yake cusa goro, kada bakinsa ya riga shi. Ranar da kika yi fushi, kina fita ya ce mini, yau na samu biyar masu kyau, Uwata ta fi kowa ido. Murna yake yi." Ta dube ni. "Ke ba ki sani ba?"

Ban sani ba. Na kifa kaina a kan tabarmar na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Inna ta bar ni sai da na gaji, sannan ta ce, "To tashi, ruwa ba ya jira."

Abin da na gani a kwana biyun da suka biyo baya, ni da nake wannan aiki a babban kamfani, ban taɓa ganin irinsa ba. Duk inda na ɗaga kai zan yi tambaya, sai in tarar ya riga ni. In na yi kuskure, Mazubi ya gaya mini da Hausa abin da na yi da inda zan gyara, cikin irin maganarsa, har ina jin muryarsa. Kafin azahar ƙofar shiga ta tsaya, ma'ajiya ta tsaya. Washegari na sa sunayen ƙauyuka daga sama zuwa ƙasa yadda ruwa yake bi, na yi madannai huɗu da hoton mutum tsaye a ruwa, yadda tsohon masuncin ya ce su suke aunawa: idon sawu, gwiwa, ƙugu, ƙirji. Tsoro ya kama ni, irin tsoron da mutum yake ji in ya gane wanda yake zaune kusa da shi shekara talatin ya fi yadda ya ɗauke shi nesa ba kusa ba. Mutumin nan ya zauna ya yi shirin rashin kansa dalla-dalla, yana cin goro.

Sai na zo inda aikin ya tsaya cak. Na sama suna da 'yan manyan wayoyi da za su danna. Amma mutanen ƙasa, waɗanda domin su ake yin abin, yawancinsu ƙananan wayoyi ne da su masu tocila, ba sa buɗe intanet. In saƙon tes bai je musu ba, duk wahalar banza ce. Na duba jerin matakai, na ga na ƙarshe: Tura saƙo zuwa ƙananan wayoyi. Na ce alhamdu lillahi, na buɗe. Layi biyu ne kawai a ciki.

Wannan ban iya ba tukuna, na gwada ya gagare ni. Uwata ta iya, aikinta ne. A tambaye ta in ta huce.

Na karanta wa Inna. Ta yi dariya da hawaye a fuskarta, dariyarta ta farko tun rasuwar. Ta ce, "To kin huce?" Na ce, "Na huce, Inna." Ta ce, "Sai ki amsa masa."

Wuni guda da rabi na yi a kansa. Da na gama na rubuta bayaninsa a ƙarƙashin layukansa biyu, ban goge su ba. Na miƙe zan kira dattawan nan, Inna ta ce, "A'a. Bai taɓa sakin aiki ba sai wani ya gwada yana zaune." Na ce babu lokaci. Ta ce, "Shi ma bai taɓa samun lokaci ba." Dole na aika aka kira malamar nan da na taɓa yi wa gori a bayan idonta. Ta zo, ta zauna a gaban kwamfuta. Inna ta miƙo mini fensirinsa da ɓarin goro. Ni da ba na cin goro na cusa, ɗaci ya cika mini baki. Malama ta ce, "Lambobin wayar, da sifili za a fara ko babu?" Amsar ta zo har kan harshena. Na danne ta da goron, na ja layi. Tambaya uku ta yi mini ranar, kuma da ba a gyara ta biyun ba, da rabin ƙauyukan ba su samu saƙo ba.

Rana ta bakwai Abba ya kai ni bakin kogi a mota, daga nan muka shiga kwalekwale. Ruwa ya riga ya yi ja, yana ɗauko ciyayi. Muka bi ƙauyukan muna karɓar lambobi, ina nuna wa na sama inda za su danna. Tsohon masuncin ya tsoma hannu a ruwa ya danna da jiƙaƙƙen yatsa, abin ya karɓa. Ya ce, "Haka marigayi ya ce zai yi."

Kwana biyu bayan nan, da sassafe, ina tsakar gida ina dama wa Inna koko, sai muka ji ƙarar waya daga ɗakin Baffa. 'Yar ƙaramar wayarsa ce, wadda Inna take sa wa caji saboda masu kiran ta'aziyya, ta mayar da ita aljihun rigarsa inda ya saba ajiyewa. Na manta lambarsa ce ta gwaji a cikin Mazubi, ita ce ta farko a kowane jeri, ban cire ta ba. Inna ta shiga ta zura hannu a aljihun rigar ta ciro, ta miƙo mini. "Karanta mini."

Na karanta: Ruwa ya kai ƙugu a ƙauyen sama. Na ƙasa ku tashi yau.

Ruwan ya zo a daren washegari, kuma ba zan yi wa kowa ƙarya ba, ya ci shinkafa, ya rushe ɗakuna, babu manhajar da take tare kogi. Amma ya tarar da ƙauyukan ƙasa guda uku babu kowa, yara da tsofaffi da awaki duk suna kan tudu tun la'asar. Wannan daga baya muka ji. A safiyar nan dai ba mu san komai ba tukuna, muna tsaye ni da Inna a ƙofar ɗakinsa, kokon yana sandarewa a kwano. Ta karɓi wayar ta goge gilashin da bakin mayafinta, ta mayar da ita cikin aljihun rigar, ta daddale aljihun da tafin hannu.

Ta ce, "To Alhaji, saƙo ya isa."

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa, ya sa abin da ya bari ya riƙa bin sa da lada har inda yake kwance. Ni kuma da ban samu na ce masa ya yafe mini ba, Allah ya isar masa. Takardar layukan tana wurina yanzu, da fensirin. Wanda duk ya ɗauki Mazubi ya maƙale a wani wuri, ya zo ya tambaye ni. Ba zan amsa ba.